Rediyon Hukuma a Zamfara: Asalinsa, Aikinsa da Wanda Yake Yi wa Hidima

A tsakiyar Jihar Zamfara, inda ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu suke maƙwabtaka, akwai garuruwa da ƙauyuka da yawa, irin na yankin Kekun Waje, waɗanda jarida ba ta zuwa musu, wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, sabis ɗin waya kuma yau akwai gobe babu. A irin waɗannan wurare akwatin rediyo mai batir shi ne babbar ƙofar da labarin gwamnati da na duniya ke shigowa ta cikinta. Tashoshin hukuma da ke Gusau uku ne manya: gidan Rediyon Zamfara, mallakar gwamnatin jiha, tashar Pride FM, reshen Rediyon Tarayyar Najeriya. Sai kuma talabijin ta ƙasa, NTA Gusau. Bayan su akwai Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya girme su duka, kuma mutanen ƙasar Zamfara suka san muryarsa tun jihar ba ta zama jiha ba.

Na gwamnati ne ko na jama'a?

Yarjejeniyar Afirka kan watsa shirye-shirye, wadda aka amince da ita a birnin Windhoek na Namibiya a 2001, ta kasa gidajen rediyo da talabijin gida uku. Akwai na kasuwa, waɗanda ke rayuwa da talla. Akwai na al'umma, waɗanda mutanen wani gari ko yanki ke kafawa su gudanar da kansu ba don riba ba. Sai kuma na jama'a, waɗanda ake ɗaukar nauyinsu da dukiyar kowa, amma hukumar gudanarwarsu tana da 'yancin kanta, ba mai mulki ke faɗa mata abin da za ta watsa ba. Yarjejeniyar ta nemi ƙasashen Afirka su mayar da gidajen da ke hannun gwamnati zuwa wannan kashi na uku. Misalin da aka fi kawowa shi ne BBC ta Ingila, wadda ta zama hukuma a 1927, kuma mafi yawan kuɗinta na fitowa ne daga lasin da magidanta masu kallon talabijin ke biya.

A Najeriya abin bai kai nan ba. Shugaban ƙasa ke naɗa shugabannin Rediyon Tarayya da NTA, gwamna ke naɗa na gidan jiha, albashi kuma daga baitulmali yake fitowa. Saboda haka bakin talaka bai yi kuskure ba da yake cewa "rediyon gwamnati". Sai dai sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa rediyo da talabijin, ba tare da ware na hukuma ba, nauyin sa ido kan gwamnati a madadin jama'a. Tsakanin wannan nauyi da wancan naɗi ma'aikatan waɗannan gidaje suke aikinsu kullum.

Daga lasifika zuwa Gusau

Rediyo ya shigo Najeriya ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Turawan mulki suka fara tallafo shirye-shiryen BBC a Legas. Tsarin farko na waya ne: a ja waya daga ofis zuwa wani akwati a gida ko lasifika a dandali, mai sauraro ba shi da zaɓin tasha, abin da aka sako shi zai ji. Wannan tsari ya iso Kano a 1944. A 1951 aka kafa sashen watsa shirye-shirye na gwamnati, wanda ya zama hukuma a 1957, shekarar da sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan.

Abin da ya sauya al'amari a Arewa shi ne buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a watan Maris na 1962, a ƙarƙashin gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Shugabannin Arewa na ganin gidan da ke Legas ba ya isar da muryarsu yadda suke so, sai suka gina nasu, mai na'ura mai ƙarfi da ke kaiwa ƙauyukan lardin Sakkwato, har ta tsallaka Nijar da Kamaru da Gana. Zuwan ƙaramin rediyo mai batir a daidai wannan zamani ya fitar da sauraro daga dandali ya kai shi gona da zaure da ɗakin uwargida.

Sojoji sun sake fasalin komai a shekarun 1970. Dokar 1977 ta haɗe tashoshin talabijin a ƙarƙashin NTA. A 1978 aka kafa Rediyon Tarayyar Najeriya, FRCN, ya haɗiye gidan Kaduna, aka kuma miƙa wa jihohi ƙananan tashoshin da ke manyan biranensu. Daga nan mutanen Gusau suka zama masu sauraron Rima Rediyo na Sakkwato, har ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Zamfara ta mayar da ita jiha mai ƙananan hukumomi 14, sabuwar jihar kuma ta kafa nata gidan. Pride FM ta zo daga baya, cikin shirin da gwamnatin tarayya ta yi a farkon shekarun 2000 na kafa tashar FM a jihohi, shirin da ya samar da Companion FM a Katsina da Pyramid FM a Kano.

Aikin yau da kullum

Wanda ke auna gidan rediyon hukuma da labaran gwamna kaɗai zai raina shi, domin mafi yawan amfaninsa yana cikin ƙananan abubuwa ne da ba sa shiga kanun labarai. Na farko shi ne sanarwa. Rasuwa da lokacin jana'iza, ɗaurin aure, cigiyar yaro ko dabba, ranar rigakafi, ranar tantance ma'aikata, kiran maniyyata aikin Hajji, ganin watan azumi da na salla bayan fadar Sarkin Musulmi ta tabbatar. Wannan aikin mai shela ne na dā, wanda kan zaga gari da yawun sarki, sai dai yanzu muryarsa na tsallake ganuwa. Shi ya sa har gobe fadar Sarkin Katsinan Gusau da ta 'Yandoton Tsafe da ta Sarkin Fulanin Bunguɗu ba sa rabuwa da rediyo idan akwai saƙon da ake so ya isa ga talakawa cikin dare ɗaya.

Na biyu noma. Taken Zamfara shi ne noma abin alfaharinta ne, kuma Gusau na cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Malaman gona ba su taɓa wadatar ƙauyuka ba, saboda haka tun wancan lokaci masanan Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙi rediyo a matsayin malamin gona na kowa. Gidan Kaduna ya yi dabarar sa darasin cikin wasan kwaikwayo, kamar shirin Basafce, inda manomi ke dariya yana kuma ɗaukar abin da zai yi amfani da shi. A yau hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa ke fitarwa a farkon kowace shekara ba ya zama abin amfani ga mai shuka gero da dawa da waken suya a Tsafe sai an juya shi zuwa Hausa, an ce masa ga lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna, ga lokacin da ake tsoron zai ɗauke. Makiyaya ma an yi musu tanadi: Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta daɗe tana gabatar da shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Kaduna.

Na uku lafiya, kuma a nan ne Zamfara ta ga abin da rashin isar saƙo ke jawowa. A 2010 aka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Maganar da ake buƙatar ta isa gajeriya ce, wato a fitar da niƙan daga tsakar gida, a nisanta yara da ƙurarsa. Amma masu buƙatar jin ta mata ne da ke cikin gidaje, waɗanda allon talla a bakin titi ba ya isa gare su, ba kuma kowane baƙo ke shiga wurinsu ba. Rediyo kuwa yana shiga ba sallama. Haka batun yake a annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta fi tsananta a Zamfara, da amai da gudawa da kan dawo da damina. Shan inna ya ƙara nuna wani ɓangaren. A 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin saboda shakku kan maganin, kuma dawo da amincewar mutane ya ɗauki shekaru ana jin muryoyin sarakuna da malamai da likitoci suna bayani, kafin a tabbatar da kawar da cutar daga Najeriya a watan Agusta na 2020. Sanarwar gwamnati ita kaɗai ba ta isa ba. Sai da aka sami muryar da mai sauraro ya yarda da ita.

Addini da waƙa su ne suka fi ɗaure mutane da akwatin. Tun ƙarshen shekarun 1960 Rediyon Kaduna ke watsa tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda asalinsa mutumin Gummi ne a Zamfara ta yau, daga baya aka ƙara da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi. Sa malaman biyu masu saɓanin fahimta a tasha ɗaya darasi ne kan abin da ake nufi da gidan kowa. Ta fuskar kiɗa kuwa, ƙasar Zamfara ta ba rediyo fiye da abin da rediyo ya ba ta. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi da Sani Sabulu na Kanoma duk 'yan wannan ƙasa ne, Salihu Jankiɗi ma a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haife shi. Waƙoƙin da a dā sai wanda ya je fada ko dandali zai ji, faifan rediyo ne ya kai su ko'ina ya kuma adana su. Ɗakunan ajiyar faya-fayan waɗannan gidaje taskar tarihi ce, kuma kaset ba ya jure zafi da ƙura har abada.

Muryar mai sauraro

Hidima ɗaya ce, shigar da jama'a cikin aikin kuma wata ce daban. Hanyar farko da mai sauraro ya samu ta jin sunansa ita ce wasiƙa da katin gaisuwa na shirin Zaɓi Sonka. A ido abin wasa ne, mutum ya sayi kati ya jera sunayen abokai ya zaɓi waƙa. Amma daga nan aka sami ƙungiyoyin masu sauraro a garuruwa, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka san juna ta suna, har zumunci ya ƙullu tsakanin Gusau da Maraɗi. Jakar Magori ta riƙa tattaro labaran garuruwa daga bakin wakilai, shirin Hannu da Yawa kuma ya zama inda ake zaunar da gwamna ko minista ya amsa tambayoyi da Hausa.

Zuwan wayar salula a 2001 ya mayar da wasiƙar mako biyu ta zama kira na nan take. Gidaje masu zaman kansu, waɗanda dokar 1992 ta buɗe wa ƙofa, musamman bayan buɗe Freedom Rediyo a Kano a 2003, sun nuna cewa mutane na son jin ɗan'uwansu yana kuka kan rijiyar burtsatse da ta lalace ko asibitin da ba magani, dole gidajen hukuma suka bi sahu. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai yana da gibi. Mai kira shi ne mai waya da kati da sabis, galibi namiji, galibi mazaunin birni. Wanda ya saba sauraro zai lura muryoyi kaɗan ne ke maimaituwa. Manomin Kekun Waje da aka hana shiga gonarsa, ko matar da ta yi gudun hijira zuwa wani kango a Gusau, ba za a ji su ba sai ɗan jarida ya ɗauki na'urarsa ya je inda suke, tafiyar kuma na buƙatar mota da mai da hanya mai aminci.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika kula da shi ba. Ana karanta labarai da daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi kusa da Kananci, mai kira kuwa da Zamfarci yake magana, yana "shina" yana "hwaɗi". Mai gabatarwa da ya iya sauka zuwa harshen mai kiransa ya fi samun gaskiyar abin da ke ransa. Fulfulde ma haka. A jihar da rikicinta ke da alaƙa da ɓacin dangantaka tsakanin manoma da makiyaya, yawan lokacin da ake ba wannan harshe da irin mutanen da ake gayyata su yi magana da shi ba ƙaramin al'amari ba ne.

Watan Satumba na 2021 ya gwada duk wannan. A farkon watan, bisa buƙatar gwamnatin jiha, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. An rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da mai, makarantu ma a rufe suke. Sai a farkon Oktoba aka maido da sabis a Gusau, sauran yankuna kuma suka ƙara jira. A tsawon wannan lokaci rediyo ne kusan kaɗai hanyar da ta rage tsakanin hukuma da ƙauye. Amma hanyar ta koma mai tafiya ɗaya: tasha na magana, mai sauraro ba ya iya amsawa, wakilin da ke ƙaramar hukuma kuma ba ya iya aiko da rahoto sai ya tako da ƙafarsa.

Iya inda murya ke kaiwa

Zangon da tasha ke amfani da shi ne ke yanke wanda zai ji ta. Gajeren zango, kamar mita 49 da aka san Kaduna da shi, yana tafiyar ɗaruruwan kilomita har ya tsallaka ƙasashe. Matsakaicin zango yana bin ƙasa ya rufe jiha guda, da dare kuma ya ƙara nisa, sai dai na'urarsa mai cin wuta ce ƙwarai. FM ya fi su tsabtar sauti da arha, amma tafiyarsa a miƙe take kamar gani da ido, dutse na iya tare shi, ƙasar Kwatarkwashi da Tsafe kuwa ba ta rasa duwatsu ba. Rediyon da ke cikin wayar hannu FM kawai yake kamawa. Sakamakon haka, duk lokacin da tsadar man janareto ta sa aka rage awoyin babbar na'ura, ko ta lalace aka dogara da FM, birni ba ya jin bambanci, na nesa ne ke faɗawa cikin shiru. Shi kuma sai ya murɗa zuwa BBC ko DW ko RFI, ya ji labarin harin da aka kai maƙwabcin ƙauyensa daga bakin wata ƙasa.

Kuɗi da iko

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasin rediyo da talabijin, kuɗin da a wasu ƙasashe shi ne jinin gidajen jama'a. A Najeriya ba ya isa ga tashoshin. Tun dokar 1988, a zamanin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, aka umarci Rediyon Tarayya da NTA su nemi wani ɓangare na kuɗinsu a kasuwa. Daga nan al'adar biya kafin a ɗauki labari ta yi ƙarfi, wadda ke nufin taron mai kuɗi labari ne, kukan marar shi kuwa sai an sami sarari. Halin da gidajen jihohi ke ciki ya fito fili a watan Agusta na 2022, lokacin da hukumar kula da kafafen watsa shirye-shirye ta ƙasa, NBC, ta sanar da soke lasin tashoshi 52 saboda bashin naira biliyan 2.6, da yawansu na gwamnatocin jihohi ne, kafin daga baya ta jingine matakin.

A cikin watan nan dai hukumar ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka nuna wani shiri na BBC kan Zamfara. A watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara da kanta. Duk da haka saƙon ya riga ya isa ga duk editan da ke tunanin yadda zai ba da labarin tsaro.

Babban gwaji ya zo ranar 15 ga Oktoba, 2022. Gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe NTA Gusau da Pride FM, tare da wasu gidaje masu zaman kansu irin su Gamji TV da Al'umma TV, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar PDP na ɗan takararta Dauda Lawal, alhali jihar ta dakatar da tarukan siyasa da hujjar tsaro. NBC ta ce gwamnatin jiha ba ta da ikon rufe tasha, ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi ca, cikin 'yan kwanaki gwamnatin ta janye tare da neman afuwa. Abin lura shi ne biyu daga cikin gidajen da aka rufe na hukuma ne, kuma abin da suka yi shi ne abin da sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya wajabta musu, wato ba jam'iyyu dama daidai. Abin da ya cece su shi ne ba gwamna ke biyan albashinsu ba. Ɗan takarar da aka rufe su dominsa shi ya ci zaɓen Maris na 2023, gidan rediyon jiha kuma ya koma ƙarƙashin ikonsa da irin tsarin naɗi da albashin da ya tarar.

Abin da ke tsallaken iyaka

Zamfara na da iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma can an bi wata hanya daban. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda mutanen ƙauye ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a mayar da shi tasha a watsa. Daga 1999, da aka buɗe tashar Bankilare a yammacin ƙasar, ƙananan gidajen rediyon al'umma masu aiki da hasken rana suka bazu har suka haura ɗari, kowanne na magana da harshen yankinsa kan rijiya da kasuwa da burtali. Suna fama da talauci da lalacewar kayan aiki, gwamnatin sojan da ta hau a 2023 kuma ta ƙuntata wa kafafen labarai, amma mai magana a cikinsu ɗan garin ne.

A Najeriya sai a 2015 aka ba da lasin rediyon al'umma na farko, guda 17 a duk faɗin ƙasar. Tashar da za ta wadatar da gunduma kamar Kekun Waje ba ta buƙatar fiye da ƙaramar na'urar FM da eriya da faifan hasken rana da ɗaki guda. Abin da ya fi kayan wuyar samu shi ne izini, domin sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya tanadi cewa, ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, babu mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai wanda shugaban ƙasa ya amince masa.